Mako Bakwai da Sauya wa Hajiya Gwiwa, Har Yanzu Ba Ta Barci: Aikin Ya Lalace Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Garwa nake rubutowa. An yi wa mahaifiyata, mai shekara 66, aikin sauya gwiwar dama a Yawunde, yau mako bakwai ke nan. Mun ɗauka ciwon da ya dame ta shekara da shekaru ya ƙare, amma har yanzu gwiwar a kumbure take, da ɗumi, da dare ba ta runtsawa, salla ma a kujera take yi. Wata maƙwabciyarmu da aka yi wa irin wannan aiki ta ce ita wata ɗaya ta yar da sanda. Kawunnenmu sun ce aikin bai yi ba, a kai ta wurin mai ɗori. Me za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Aikina motsa gaɓoɓin marasa lafiya ne, abin da a nan muke kira kine, kuma na daɗe ina karɓar iyayenmu da suka dawo da sabuwar gwiwa daga Yawunde ko Duwala, wasu daga Indiya ko Tunisiya. Likitan da ya ga ƙafar da idonsa shi ke da maganar ƙarshe. Amma abubuwan da kika lissafa, kumburi da ɗumi da rashin barci a mako na bakwai, babu ko ɗaya a cikinsu da ke nuna aikin ya lalace. Haka gwiwa take a wannan lokaci. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ba ki faɗa ba: gwiwar tana lanƙwasuwa har ina, kuma tana miƙewa sambal ko kuwa? A nan maganar take.

Ki fara da sanin abin da aka yi wa Hajiya, domin kalmar "sauyawa" tana ruɗar mutane, sai su ɗauka kamar tayar mota ce, a kwance tsohuwa a ɗaura sabuwa a tashi. An tsaga fata da nama, an ture ƙoƙon gwiwa gefe, an yanke bakin ƙashin cinya da bakin ƙashin ƙwauri inda guringuntsi ya cinye, an lulluɓe su da ƙarfe, yawanci da wani irin siminti na ƙashi ake kafa shi, sannan aka saka roba mai tauri a tsakani don ƙarfen ya riƙa zamewa a kanta. Ƙarfen da robar sababbi ne fil, ba su da abin da za su warke. Amma naman da ke kewaye da su, da jijiyoyin, da ƙashin da aka yanka, duk na Hajiya ne, masu shekara 66, waɗanda kuma sun yi shekaru suna ɗingishi kafin a zo ga aikin. Su ne ke ciwo yanzu. Ɗinkin waje yakan haɗe cikin mako biyu zuwa uku, shi ya sa da an cire zare sai dangi su ce ai ta warke. Na ciki kuwa watanni yake ɗauka.

To, ga abin da nake so ki riƙe, in ma kin manta sauran. A jinyar gwiwa akwai abin da ake jira, akwai abin da ba ya jira. Ciwo da kumburi da ɗumi da barci, waɗannan nasu haƙuri ne, sukan ɗauki wata uku zuwa shida kafin su lafa sosai, kuma gwiwa takan ci gaba da samun sauƙi har shekara guda. Amma lanƙwasawa da miƙewa ba sa jiran kowa. Jiki yana saƙa tabo a cikin gaɓar tun daga makon farko, tabon yana da laushi yanzu, yana jawuwa, amma wajen wata uku sai ya yi tauri ya kama gwiwar a inda ya same ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da nake gani kullum a gidajenmu shi ne an juya lamarin: ana gaggawa a kan ciwon da ke buƙatar haƙuri, ana ta neman magani daga wannan zuwa wancan, sannan ana haƙuri a kan sandarewar da ke buƙatar gaggawa, ana cewa a bar ta ta huta tukuna.

Ki gwada yau ɗin nan, ba sai kin zo wurinmu ba. Ki zaunar da Hajiya a kujera mai tsayi, irin ta roba ko ta katako, ba kushin mai nutsewa ba, ta matso bakin kujerar kaɗan, tafin ƙafa a ƙasa. Ta ja ƙafar baya a hankali iyakar iyawarta, ba tare da ta ɗaga ƙugu ba. Ki durƙusa a gefe ki duba. In ƙwaurin ya tsaya tsaye, diddige daidai ƙarƙashin gwiwa, wannan shi ne digiri 90. In diddigen ya shige ƙarƙashin kujera, ta wuce 90, alhamdu lillahi. In kuwa ƙafar ta tsaya a gaba, ta ƙi zuwa ƙarƙashin gwiwa, to ba ta kai ba. Ki sa gawayi ki ja layi a siminti daidai kan babban yatsanta, bayan kwana uku ki sake. Wannan layin ya fi bakin kowa gaskiya, kuma na ga tsofaffi da yawa da ya dawo musu da ƙarfin zuciya, domin ciwon yau da na jiya kamarsu ɗaya a wurin mai jinya, amma layi in ya matsa da faɗin yatsa biyu, kowa ya gani.

Dalilin da ya sa muke nacewa a kan lambobin nan: tafiya a fili tana buƙatar digiri 60 zuwa 70, zama a kujera da tashi da hawa matakala suna buƙatar wajen 90 ko fiye kaɗan, mafi yawan waɗanda aikinsu ya yi kyau kuma sukan tsaya tsakanin 110 da 120. In a mako na bakwai Hajiya ba ta kai 90 ba, kada ku jira ranar komawa asibiti, ku kira likitan da ya yi aikin cikin makon nan. Akwai abin da yake yi: a sa ta barci, ya lanƙwasa gwiwar da hannunsa ya tsinke tabon da ya kama ta, ba tare da sabon yanka ba. Wannan ya fi amfani cikin wata ukun farko. In aka bari ya wuce, abin da za a samu kaɗan ne.

Miƙewa ma haka, kuma ita aka fi mantawa da ita. Ta zauna a gado ta miƙe ƙafar, ki tura hannunki ƙarƙashin gwiwar. In ta danna, bayan gwiwar ya kamata ya matse hannunki da katifa. In akwai rami da hannu ke shiga ya fita, gwiwar ba ta miƙe ba, kuma ƙafar da ba ta miƙewa ɗingishi za ta yi ta yi, ta gaji da wuri, ta jawo ciwon baya. Babban mai jawo wannan shi ne filon da ake sakawa ƙarƙashin gwiwa don tausayi. Daɗi gare shi, na sani, amma shi ke koya wa gwiwar zama a lanƙwashe. Ki cire shi. Ki naɗe darduma ki sa ƙarƙashin diddige, gwiwar ta rataya ba abin da ya tokare ta, minti biyar zuwa goma, sau uku ko huɗu a yini. Za ta ji yana ja a baya, za ta yi miki faɗa. Ki lallashe ta, ki zauna kusa da ita kuna hira har lokacin ya cika.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa da ita. 'Ya'yanta mata huɗu ne, kowacce ta baro gidan mijinta ta zo jinya. Da na shiga ɗakin, na tarar da ita a kan katifa a ƙasa, filo biyu ƙarƙashin gwiwa, buta da fo da kwanon abinci da carbi duk a inda hannunta zai kai. Ko ruwa ta nema, kafin ta rufe baki an miƙo. 'Yan dubiya cike da ɗaki tun hantsi har la'asar, ita kuma kunya ba ta barinta ta yi motsa jiki a gaban surukai. Wata huɗu da aiki aka kira ni, gwiwar ta tsaya wajen digiri 70. Mun yi wata da watanni muna fama, abin da muka ƙara bai taka kara ya karya ba. Har yau in za ta shiga mota sai an tura kujera baya an ɗago mata ƙafar. Babu wanda ya cuce ta, soyayya ce ta yi yawa a inda bai kamata ba. Shi ya sa nake ce wa masu jinya: ruwan da Hajiya za ta iya tashi ta ɗauko, ku bar ta ta ɗauko, ku dai ku tsaya kusa. 'Yan dubiya kuma a sa musu lokaci. Wanda ya zo don Allah ba zai ji haushi ba in aka ce masa Hajiya tana motsa ƙafa, ya ɗan jira a zaure.

Motsin da nake so ta riƙa yi ba shi da yawa, nacewa yake so. Tana kwance ta ɗaura gyale a tafin ƙafa, ta jawo diddige zuwa mazaunai, ta riƙe daƙiƙa goma, ta sake. Ta danna bayan gwiwa a katifa har naman cinya ya ɗaure. Ta ɗaga ƙafar a miƙe kamar taki ɗaya daga gado, ta sauke a hankali. Ta tashi daga kujera ta zauna, ta tashi ta zauna. Kowanne sau goma, safe da rana da yamma. Naman gaban cinya shi ne mai riƙe gwiwa, kuma a watan farko bayan aiki yakan rasa fiye da rabin ƙarfinsa, shi ya sa wani lokaci za ta ji ƙafar kamar za ta lauye ta kayar da ita. Ba ƙarfen ne ya kwance ba, cinyar ce ba ta farfaɗo ba. Tafiya kuma gajeriya sau da yawa ta fi doguwa sau ɗaya: zagayen tsakar gida bayan asuba da bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi. Sanda a hannun hagu za ta riƙe, tunda dama aka yi wa aiki. In za ta hau dokin ƙofa ko matakala, lafiyayyar ƙafa ce gaba. In za ta sauka, mai aikin ce gaba.

Kada kuma a wuce gona da iri. Ni da kaina, farkon shigata wannan aiki, na taɓa matsa wa wani dattijo da lanƙwasawa har gwiwarsa ta kumbura kwana uku bai iya komai ba, muka koma baya maimakon gaba. Daga nan na koyi ma'aunin da nake bai wa kowa: zafin da ya zo lokacin motsi ya lafa cikin awa ɗaya ko biyu, wannan na aiki ne, a ci gaba. In kuwa an wayi gari gwiwar ta fi jiya kumburi da tauri, an zarce, a rage yau, amma kada a daina. Maganin ciwon da likita ya rubuta mata ta sha shi kamar rabin awa kafin motsin, kada ta ce za ta daure. Dauriya a nan ba ta da riba, domin mai jin zafi ba ya lanƙwasa gwiwa.

Rashin barci kuwa kusan kowa yana kuka da shi, tun daga makon farko har wajen wata na biyu ko na uku. Da rana hankali yana wurare da yawa, da dare sai gwiwar kaɗai ta rage, ga ruwan kumburin da ya taru a yini. Abin da ke taimakawa: da yamma ta kwanta ta ɗora ƙafar gaba ɗaya a kan filo, a miƙe, diddige ya fi ƙirji tudu, kamar rabin awa. A sa ƙanƙara. Na san halin wutarmu, amma masu sayar da ƙanƙara a leda ba sa yankewa a unguwa. A naɗe ta a tsumma mai tsabta, minti 15 zuwa 20, kada ta taɓa fata kai tsaye. Ki lura da wannan sosai, domin gefen tabon ta waje yakan mutu, ba a jin taɓi a wurin, saboda wata ƙaramar jijiyar fata da yankan ke bi ta kanta. Wurin yakan ragu a hankali, wani lokaci ɗan fili ya rage har abada, ba ya hana komai. Amma fatar da ba ta ji, sanyi ko zafi na iya ƙona ta mai ita bai sani ba. Wannan na ɗaya daga dalilan da suka sa nake hana gashi da ruwan zafi. Mu mun saba duk abin da ya kumbura a gasa shi, amma gwiwar da ke da ɗumi da kumburi, zafi ƙara mata yake yi. In za ta kwanta a gefe, ta sa filo tsakanin gwiwoyi biyu, wannan ba laifi.

Maganar magani: kada a saya mata tramol ko wani maganin ciwo a hannun masu talla ko a teburin kasuwa. Diclofenac da ibuprofen suna rage kumburi, amma suna cin ciki suna taɓa ƙoda, balle ga mai shekarunta, balle in tana da hawan jini ko ciwon suga, balle a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, jiki na bushewa. Likita ne zai ce ta sha ko kada ta sha, da kwana nawa. Ta yawaita shan ruwa. Ta ci abin da ke gina jiki, kifinmu na Binuwai da Lagdo, wake, ƙwai, nono, ɗan nama, zogale. Aikin nan yana zubar da jini, kuma kasalar da ke kama mutum watanni biyun farko sau da yawa ƙarancin jini ne. In tana haki ko jiri, a auna.

Yanzu ga abubuwan da ba a kwana da su. Ɗumi kaɗan a gwiwa, wanda in kin taɓa kika ji ta fi ɗayar zafi, yana iya kaiwa watanni, ba komai. Amma in tabon ya fara tsattsafo da ruwa ko mugunya, ko ja yana yaɗuwa a fata, ko ciwon da ya fara sauƙi ya dawo da ƙarfi har ba ta iya taka ƙafar, ko zazzaɓi da rawar sanyi, to asibiti a ranar. Ƙwayar cuta takan shiga sabuwar gwiwa ga mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari, kaɗan ne, amma in ta shiga ta manne wa ƙarfe, magani kaɗai ba ya fitar da ita cikin sauƙi, kuma bambancin wanda aka kama da wuri da wanda aka makara shi ne bambancin wanke gaɓa da cire ƙarfen gaba ɗaya. A nan garin duk zazzaɓi sunansa maleriya. A yi gwajin maleriya, babu laifi, amma ko gwajin ya nuna akwai, ki buɗe gwiwar ki nuna wa likita, ki ce masa akwai ƙarfe a ciki. Kuma kada a fara ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta a gida kafin a duba. In aka sha shi tukuna, ruwan da za a zuƙo daga gaɓar don gwaji yakan ɓoye cutar, likita ya rasa wadda yake yaƙi da ita.

Na biyu, gudan jini. In sha-raɓarta ta kumbura ta yi tauri tana ciwo in an matsa, ko ƙafar duka ta fi kullum kumbura farat ɗaya, a je asibiti, kada a murza, kada a ja. In numfashi ya sarƙe mata ko ƙirji ya soke, wannan na gaggawa ne, ko tsakar dare ne. Haɗarin ya fi yawa a makonnin farko, shi ya sa aka ba ta allura ko ƙwayar tsinka jini, amma bai gama wucewa ba sai wajen wata uku. Ki tuna da wannan in za ku koma Yawunde ganin likita. Zaman mota daga nan zuwa Ngaundare, sannan jirgin ƙasa na dare, doguwar hanya ce ga ƙafar da aka yi wa aiki. Duk inda aka tsaya ta sauko ta taka, a zaune kuma ta riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa.

Game da shawarar kawunnenki, ki faɗa musu da ladabi, amma kada ki sassauta. Ban raina masu ɗori ba, sana'a ce ta gado, amma aikinsu haɗa ƙashin da ya karye ne, a ɗaure shi ya zauna wuri ɗaya. Ƙashin Hajiya bai karye ba, kuma ɗauri shi ne babban abokin gabar wannan gwiwa: zama a cikin karare yana iya sandarar da ita. In kuma aka ja ta da ƙarfi, ƙashin tsufa yana iya tsagewa a bakin ƙarfen. Ƙaho da tsaga sun fi wannan haɗari. Duk abin da zai huda fata kusa da gwiwar, ƙofa ce aka buɗe wa cuta zuwa kan ƙarfe. Haka ma allura a cikin gaɓar, in ba likitan ƙashi ne ya ce ba. Tofi da addu'a a yi ta yi, muna buƙatarsu. Man kaɗanya a kan tabon da ya riga ya haɗe ya bushe, a murza shi a hankali da yatsa, wannan ma yana da kyau, yana sa fatar laushi. In akwai wanda kawunnen ke jin maganarsa a cikinsu, ki zo da shi ranar da za a duba ta, ya ga hoton gwiwar da idonsa. Gani ya kori ji.

Maƙwabciyarku kuma ba ƙarya ta yi ba, wataƙila. Akwai masu yar da sanda a wata ɗaya. Amma ki tambayi kanki, shekarunta nawa, nauyinta nawa, shekara nawa ta yi da ciwon kafin aiki, tana da suga? Abin da ya fi nuna yadda gwiwa za ta lanƙwasu bayan aiki shi ne yadda take lanƙwasuwa kafin aiki. Iyayenmu kuma ba sa zuwa da wuri. Sai ƙafa ta gwame, an yi shekaru ana shafe-shafe, an tara kuɗin da ƙyar, sannan a tafi. Wadda ta shiga ɗakin tiyata da gwiwar da ta yi shekara goma ba ta miƙe ba, ba za ta fito daidai da wadda ta je da wuri ba. Sannan ɗan Adam mai mantuwa ne. Bayan shekara biyu, dararen da ya kwana zaune sukan gushe masa. Ki roƙe ta ta daina faɗin wannan a gaban Hajiya. Tsohuwar da ta san an sayar da kadara ko an yi karo-karo don aikinta, in ta ji ana cewa wance ta warke ita ba ta warke ba, kuka take yi a ɓoye, tana ganin ta jawo wa 'ya'yanta asara. Da yawa sukan ce mini "da na sani da ban yi ba" a tsakanin mako na biyu da na takwas. Mafi yawansu in muka haɗu bayan wata shida maganar ta canza.

Sai maganar salla, wadda na san ita ta fi ci mata rai, kuma ba zan ɓoye miki ba. Zaman tahiya a kan ƙafa, da tsuguno irin namu, suna buƙatar gwiwa ta naɗe wajen digiri 150. Gwiwar ƙarfe ba kasafai take kaiwa nan ba. Wasu bayan watanni sukan iya durƙusawa su kai goshi ƙasa, su miƙe da taimakon kujera. Durƙuso a kan abu mai laushi ba ya ɓata ƙarfen in rauni ya warke kuma likita ya yarda, sai dai da yawa ba sa jin daɗinsa. Wasu kuwa kujerar ce har ƙarshen rayuwa. Ya kamata a ce an faɗa mata wannan tun kafin aiki, kuma ina jin takaicin yadda ake barin iyayenmu su gano shi da kansu a kan darduma. Abin da zan ce, addini bai bar ta a duhu ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari sananne ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ki samo malamin da take girmamawa ya zo ya zauna da ita ya yi mata bayanin yadda za ta yi, ta ji daga bakinsa. Sau da yawa nakan ga tsohuwa ta fi samun barci bayan zuwan malam fiye da bayan zuwana.

Gidan ma sai an gyara shi ya dace da ita. Masai na tsuguno ba nata ba ne yanzu. Kafinta ko mai walda zai iya yi mata kujera mai rami da madafa a gefe, a ɗora a kan ramin. Kujera 'yar tsuguno da tabarma da katifar ƙasa a ɗaga su, ta koma gado da kujera mai tsayi. Wurin alwala a sa mata abin zama, a kula da santsin siminti da silifas mai zamewa, a kwashe ƙananan dardumai daga hanyarta, a bar fitila kusa da ita da dare. Faɗuwa ita ce abin tsoro, domin karaya a bakin ƙarfe aiki ne babba. Saboda haka ne ma nake roƙonku ku raba ta da hawan babur, duk da na san a Garwa shi ne abin hawan kowa. In za a fita, a nemi mota, ta zauna gaba a tura kujerar baya.

Abin da za ku iya sa rai da shi, in Allah ya yarda: wajen wata uku ta riƙa harkokinta na cikin gida, ciwon dare ya ragu sosai. Wajen wata shida ta je unguwa, ta je kasuwa, kumburin ya zama sai in ta wuni a tsaye. A shekara guda ne ake cewa ga inda gwiwar ta tsaya. Za ta riƙa jin ƙas-ƙas in tana tafiya, ƙarfe ne ke taɓa roba, in babu zafi ba komai ba ne. Da sanyin hunturu tana iya yin tauri da safe. Kuma gaskiyar da ya kamata ku sani, wajen mutum ɗaya cikin biyar yakan rage da wani ciwo ko rashin gamsuwa ko bayan shekara. Sauran huɗun sukan rabu da ciwon da ya kai su asibiti, ko ya ragu ƙwarai. Ƙarfen kansa yana da ƙarko: wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna wajen 82 cikin 100 na irin wannan gwiwa suna nan suna aiki bayan shekara 25. Abin da zai taimaka mata ya daɗe shi ne rage nauyi in tana da jiki, riƙe suga, da saurin magance duk wani ƙurji, ciwon haƙori ko ciwon fitsari, domin cuta tana iya biyo jini daga can ta sauka a kan ƙarfen.

Cikin makon nan ki yi gwajin kujerar da na hannu ƙarƙashin gwiwa, ki ɗauki hoton ƙafar daga gefe da wayarki, a lanƙwashe da a miƙe, ki tura wa likitan da ya yi aikin. Ki nemi kine a nan Garwa da zai riƙa ganinta ko sau biyu ne a mako, ya auna da ma'auni ya rubuta lambar a takarda kowane zuwa. In za ku je, ki tafi da takardar sallama daga asibiti, da hoton ƙashin da aka ɗauka bayan aiki, da duk magungunan da take sha a leda ɗaya, har da waɗanda 'yan dubiya suka kawo. Ki gaishe mini da Hajiya, ki ce ina yi mata sannu da jiki.